Yini guda a kasuwar Yiwu

Ina cikin wata na bakwai da fara karatun Sinanci a birnin Jinhua, a lardin Zhejiang na ƙasar China, sai Kawu ya bugo waya daga Kano. "Kai ɗan nan, an ce Yiwu a bayan gidanku take. Je ka gano mini farashin filas ɗin shayi, kada ka zauna boko kawai." Ranar da ba mu da darasi na ɗauki fasfo, don ba a shiga jirgin ƙasa a nan sai da shi, na hau mai gudun nan. Ko rabin awa ba mu yi ba muka isa.

Na taso ina ganin Kantin Kwari ita ce ƙarshen kasuwa. Ashe ban ga komai ba. Babbar kasuwar Yiwu, wadda ake kira Futian, gine-gine ne jere, kashi-kashi, shaguna sama da 70,000, kuma kowane shago samfuri kawai ya baje, ainihin kayan suna masana'anta. Na ratsa layin furannin roba, na faɗa na kayan wasan yara, na ɓata har sau biyu kafin na kai wurin kayan kicin. Malamarmu ta taɓa ba mu labarin cewa kakannin mutanen garin talla suke yi ƙauye-ƙauye da ɗan ganga a hannu, suna musayar alewar rake da gashin kaji, sai a 1982 hukuma ta sakar musu mara suka kafa kasuwa.

Mai shagon da na tsaya wata dattijuwa ce. Na gaishe ta da Sinancin aji, ta yi dariya, ta ce na iya, wanda na san kara ce kawai. Ta miƙo katinta da hannu biyu, ta zuba mini shayi a ɗan kofin da bai wuce kurɓa ɗaya ba, babu sukari, babu madara. Da na tambayi kuɗin filas, ba ta amsa ba. Cewa ta yi, katan nawa, kuma wace ƙasa za a kai?

Na ce Najeriya. Ta jawo filas uku ta jera a gabana. Wallahi launi ɗaya, tsayi ɗaya, hatta zanen furen jikinsu iri ɗaya. Ta buɗe murafen, ta sa na ɗaga kowanne in ji nauyi. Na farko ƙarfen cikinsa lamba 304 ne, wanda ba ya saurin tsatsa, na biyu 201, na uku kuwa sakayau kamar gwangwanin madara. Ta danna farashi uku a kalkuleta, ta juyo mini da ita. Ta nuna na ukun da yatsa, ta ce shi baƙinta suka fi nema. Na ji kunya ta kama ni, don na sha zagin kayan China a gida.

Da azahar na sami gidan taliyar Lanzhou na Musulmin Hui, na ci, na biya ta manhajar waya ta WeChat. A nan na kira Kawu na karanta masa farashin ukun. Ya yi shiru jim, sannan ya ce, "To, wane ne zai sayi mai tsadar a Sabon Gari? Koma ka tambaye ta na tsakiyan, in katan hamsin ne nawa za ta rage."