Littafi Mai Falle 80

Ranar Lahadin da ta wuce na dawo daga kasuwar Gujungu da manja, da gishiri, da igiyar ɗaure tunkiya, da littattafan rubutu guda uku masu falle 80. Uwargida ta zazzage ledar a kan tabarma, ta ɗaga littattafan da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera, ta ce, "Malam, daddawar fa?" Na manta daddawa. Abin haushin ma na rubuta ta, tana nan a littafin da ke aljihuna, tsakanin manja da gishiri. Rubutawa na yi, dubawa ce ban yi ba. Ta ce to yau sai a kaɗa miyar da takarda.

Ni malamin firamare ne, aji huɗu nake riƙe da shi. Kamar sauran malaman ƙauye, albashi kwana goma yake yi a hannu, gona ce ke ɗauke da ragowar kwana ashirin. Saboda haka abin da ke cikin littafina ba na makaranta ba ne, wannan yana da rajistarsa da littafin shirin darasinsa da hedimasta ke sa wa hannu. Nawa na aljihu tarkace ne: ranar da aka yi ruwan shuka da iya inda laima ta kai da na tona da fartanya, kuɗin 'yan ƙwadago na noman firi, dami nawa na gero ya shiga rumbu, wanda ya ari amalanke bai dawo da igiyarta ba, ranar da aka yi wa auta rigakafi. Akwai shafin da na rubuta layi ɗaya tak a farkon Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan cire tallafin mai: lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga yau makaranta a keke. Babur ɗin ya yi wata biyu a zaure, kaji na kwana a kansa.

Gado na yi. Baba, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai rubutu irinsa ba. Da ajami yake yi, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa daga baƙin tukunya da ƙaro. Takardun suna cikin wata tsohuwar gafaka, falle-falle, ba ɗinki. Shi ba ya cewa Yuli ko Agusta. Da taurari yake lissafin damina, irin na malaman da, tauraro 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14. Sai ka ga ya rubuta an yi fari na kwana kaza a Nasara, ko ruwa ya rushe katangar wane a Ɗarfa. A gefen wani falle, watan Safar 1412, ya rubuta haihuwar ƙanwata, a ƙasa kuma ya ƙara da cewa an raba mu da Kano. Wato Agustan 1991 ke nan, da aka ƙirƙiri Jigawa. Labarin jiha guda bai fi layi ɗaya ba a wurinsa, ragon sunan da aka yanka da wanda ya sayar masa da shi sun fi cin wuri.

A cikin gafakar nan na gano ashe na girmi takarduna da shekara biyu. Lokacin da aka kai mu makaranta babu mai tambayar ranar haihuwa, sai a ce ka ɗora hannu ta saman kai ka taɓo kunne, in ya kai ka isa shiga aji ɗaya, malami ya ƙiyasta maka shekara. Wannan ƙiyasin ne ya bi ni har takardar ɗaukar aiki, har katin ɗan ƙasa. Na bar shi a haka, tunda dai ritaya ce za ta ɗan jinkirta.

To, a 2021 na sayi babbar waya, Tecno ta hannu, na ajiye ƙaramar da yara ke kira rakani-kashi. Dalilin aiki ne. Komai ya koma WhatsApp: a turo fom da daddare a ce gobe da safe ana son adadin yara maza da mata na kowane aji, a ɗauki hoton rajista a tura. Da na saba da ita sai na ga ai ga inda zan zuba lissafina gaba ɗaya. Kuma gaskiya ta yi mini rana. In ina neman ranar da na sayi taki bara, kalma ɗaya zan danna ta fito, ba sai na zauna ina lasar yatsa ina buɗe shafuka ba. Rasit ɗin asibiti in ɗauki hotonsa. Cikin duhu ma ina rubutu, ba sai an kunna fitila ba. Matsalarta ɗaya a lokacin ita ce caji, don mu sai an kai wa mai sola a bakin masallacin Juma'a, ya liƙa mata lamba, ka dawo bayan la'asar. Na daina sayen littafi. Har ina yi wa abokan aiki wa'azi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta cewa zamanin takarda ya wuce.

Sai daminar 2022. Duk wanda ke zaune kusa da kogin Haɗejiya, daga Ringim har ƙasa, ba sai an ba shi labarin ambaliyar shekarar ba. Mu ruwan da daddare ya shigo unguwarmu. Muna ta kwashe hatsi daga rumbu zuwa tudu, ruwa iya gwiwa, wayar tana aljihun gaban rigata ina haskawa da ita lokaci-lokaci. Na sunkuya zan ɗauki buhu, na ji ƙarar faɗawarta. Na lalubo ta cikin laka bayan kamar minti biyar. Aka ce in tura ta cikin shinkafa, na tura, kwana uku. Daga baya na kai ta har Kano, kasuwar waya ta Fam Santa, mai gyara ya buɗe ya nuna mini cikinta ya yi kore, ya ce injin ya tafi. Ya ce amma kada in damu, in dai akwai imel a kanta wataƙila an ajiye mini wasu abubuwan a intanet, in faɗi adireshin da lambar sirri. Na tsaya ina kallonsa. Yaron da ya sayar mini da wayar shi ya buɗe imel ɗin a tsaye, cikin minti biyu, da lambar wayar da ban san ko ta waye ba. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Na san malamai aƙalla huɗu da ke yawo da irin wannan imel ɗin a aljihu har yau.

Lissafin shekara ɗaya da rabi ya tafi. Yawancinsa ban yi kewarsa ba, don wa zai nemi kuɗin gyaran tayar keke na bara? Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya.

Kafin ruwan, ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, ya karɓi rancen takin zamani a wurina, a kan zai biya da kaka. Kaka ta zo babu abin kirki a gonar kowa. Da muka zauna maganar, ni na ce buhu uku, shi ya ce biyu. Ina iya ganin shafin a idona, lamba 3 ce na danna, ina tsaye a ƙofar zaure. Shi kuma mutum ne da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Bai ja da ni ba, abin da ya ce kawai shi ne, "To Malam, ai ku ne masu rubutu." Ya tashi ya kaɗe rigarsa. Wata guda muna gaisawa a masallaci sama-sama, irin gaisuwar da ba a tambayar iyali. Matanmu ma suka rage aike tsakaninsu. Ni kuma kullum cikin raina ina cewa da wayar nan tana raye da na nuna masa.

Inna ce ta kashe maganar. Ba ta san alif ba, ba ta san A ba, lissafinta a ka yake, kuma kowane abu tana ɗaure shi da wani abin da ya faru a ranar. Ta kira ni ɗakinta bayan isha'i ta ce, "Kai ɗan nan, me ya haɗa ka da yayanka?" Na faɗa mata. Ta ce uku ya ɗauka, gaskiyarka. Amma washegari, ranar da jar akuya ta haifi tagwaye, ya aiko yaro da buhu ɗaya a baro, ya ce ya duba gonarsa ta fadama ruwa ya kwanta, ba zai zuba ba. Kana makaranta. Ni na ce a jingine shi cikin naka, yara kuma suka kai gonar dawa da sauran. Shi yana zaton an gaya maka, su yaran suna zaton ka gani.

Na daɗe zaune ban ce komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne, da wayar ba ta faɗa ruwa ba, da na buɗe ta a gaban mutane na nuna 3 baro-baro, kowa ya gaskata ni, Yaya ya biya buhun da bai ci ba, ni kuma in ci haram da hujja a hannu. Da littafi ne a kan rediyo, inda na saba ajiye shi a da, uwargida za ta ɗauka ta soke ukun ta sa biyu tun ranar. Wayar kuwa tana aljihuna, da lambar sirrin da ni kaɗai na sani.

Da na je ba Yaya haƙuri, da liman na tafi. A hanya ya tuna mini ayar bashi, ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Na sha karanta ta, kuma a tunanina ina aiki da ita tunda ina rubutawa. Ya ce in sake dubawa: ba mai bin bashi aka ce ya yi shifta ba, wanda ake bi shi zai faɗa a rubuta, sannan a kafa shaidu. Ni kuwa ni ne mai bashi, ni ne marubuci, ni ne shaida.

Abin dariya, a cikin gidana akwai wadda ta riga ni gane wannan, ina yi mata kallon marar tsari. Uwargida ita ce uwar adashen unguwarmu, mata goma sha biyu, zubi duk Juma'a. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuyar gani, adashen ya rikice: wata ta kawo tsohon kuɗi, wata mijinta ya tura ta asusuna, wata ta biya ta hannun mai POS an cire lada. Ta karɓi sabuwar wayata ta ce in nuna mata inda ake danna saƙon murya. Duk wadda ta kawo zubi, a gabanta za ta danna ta ce, wance ta kawo na Juma'ar nan da bashin waccan, saura kaza, ko ba haka ba? Sai ka ji muryar matar daga gefe ta ce haka ne. Ta tura wa ƙanwarta da ke aure a Ringim. Ko wayata ta sake nutsewa, maganar tana can. Har yau haka take yi, kuma ban taɓa jin an yi musu a adashen nan ba.

Littafi ɗaya take da shi, na gudunmawar biki, yana cikin langa a ƙarƙashin gado. 'Yarmu ta fari ke rubuta mata: wadda ta kawo atamfa, wadda ta kawo kwanon shinkafa, wadda ta ba da kuɗi da nawa ne. In bikin wata ya zo a buɗe a duba, don ba a mayar da daidai abin da aka kawo maka, sai an ɗora. Wannan littafin ko ni ba na taɓa shi sai da izini.

Yanzu na raba wa waya da littafi aiki. Harkar makaranta tana waya. Duk abin da ya shafi kuɗi ko hatsi tsakanina da wani yana littafi, kuma ba na rubutawa sai mutumin yana tsaye, ya faɗa da bakinsa, in karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da tawadar biro. Wasu suna jin nauyi, wani ma ya ce Malam yaushe muka fara haka da kai. In ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, gobe in na zo naka kai ma ka rubuta ni. Duk Juma'a bayan an sauko ina ɗaukar hoton sababbin shafuka in tura wa ƙanina da ke Dutse. Imel ɗin wannan karon ni na buɗe shi, lambar sirrin tana cikin gafakar Baba.

Ba wai takarda ba ta da nata ciwon ba. Gara ta cinye mini rabin na 2019. Na taɓa sayen ƙosai a ƙofar makaranta aka naɗe mini shi da lissafin riɗina, ashe yaro ne ya yage ya kai wa mai tuya. Kuma tunda littafin ya koma kan rediyo, kowa yana da hannu a ciki. Uwargida ta kan rubuta cefane a tsakiyar lissafin taki.

Jiya da safe na buɗe zan rubuta kuɗin huɗa, na tarar an riga ni. Rubutun fensir ne, manya-manyan baƙaƙe masu hawa da sauka, na 'yarmu da ke aji biyu. Shekaranjiya na ari naira 100 daga kuɗin taranta na cika wa mai caji, na ce zan ba ta. Ta rubuta kwanan wata daidai yadda nake yi, a ƙasa ta sa: Baba bashi 100. Sai wani layin: sheda Inna. A gefe ga dangwalen babban yatsa da shuɗin biro, ya fi na yarinya girma nesa ba kusa ba. Na leƙa tsakar gida, Inna tana zaune tana tsintar wake, yatsanta na dama shuɗi.