Zanena a kalandar kamfani, an yanke sunana

Wallahi ban taɓa zaton saƙon murya na WhatsApp zai iya zama hujja a kan mutum har haka ba sai da abin ya faɗo kaina. Zanen Hawan Daushe na yi, babba, na fenti, dawakai da 'yan lifidi da dogarai cikin ja da korensu, wani Alhaji mai kamfani ya saya N150,000 wai zai rataye a ofis. Bayan nan ya turo min saƙo yana tambaya ko zai iya ɗaukar hotonsa ya yi amfani da shi, ni kuma ina kan babur na tsaya na ce masa "ba damuwa Alhaji, ai naka ne, ka yi yadda ka ga dama." A raina status zai sa.

Ƙarshen shekara sai ga zanena a kalandar kamfaninsu, a jakar takarda da suke ba kwastoma, a shafinsu na Facebook, kuma abin da ya fi ƙona min rai an datse gefen da na sa hannu an liƙa tambarinsu a wurin. Da na kira shi cewa ya yi "haba Malam, ba na biya ka ba?"

Wani lauya abokin yayana na samu, ranar na fara jin abubuwan da ba wanda ya taɓa faɗa mana a wajen koyon sana'a. Ya ce ƙanina, sayar da zane daban, sayar da haƙƙin mallakarsa daban. Alhaji ya mallaki ƙyallen da fentin da ke kai, amma ikon bugawa a yaɗa yana hannunka, kuma a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, haƙƙin nan ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Yana nan naka har ka mutu, magadanka su ci gaba da riƙe shi shekara 70 bayanka. Ba sai ka yi rajista ba ma, daga ranar da ka gama aikin doka ta san da kai, rajista a hukumar NCC, wato hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya, shaida ce kawai take ƙara maka. Har na fara murna ina lissafin kuɗi, sai ya ce in ba shi wayata ya ga hirarmu.

Da ya saurari saƙon nan sai ya girgiza kai. Ashe izinin amfani na gama-gari, wanda ba mallakawa ba, shi ba ya buƙatar takarda, ana iya bayar da shi da baki, ana ma iya fahimtarsa daga yadda mutum ya nuna. To ni ga muryata ƙarara ina cewa ka yi yadda ka ga dama. Ya ce ba wai ba ka da magana ba, za mu iya jayayya cewa ba kasuwanci kake nufi ba, amma lauyansu wannan saƙon zai fara kunna wa alƙali. Kuma shari'ar haƙƙin mallaka ba ta kotun majistare ba ce balle ta unguwa, sai Babbar Kotun Tarayya, in ka haɗa kuɗin lauya da zirga-zirga da ɗage zama sai ka ga sun ninka kuɗin zanen kafin a kai ko'ina.

Abin da ya cece ni sa hannun da suka yanke. Wannan haƙƙin na a ambaci sunanka a kan aikinka ba ya bin ciniki, ko ka ba da izini ba a ce a goge ka ba. A kansa Barista ya rubuta musu wasiƙa, aka zauna, manya suka shiga ana ta a yi haƙuri a bar wa Allah, kamar ni ne na ɗauki kayan wani. Suka sauke na Facebook, suka sa sunana a bugu na gaba, suka ba ni wani abu da bai kai rabin abin da zan caje su ba da tun farko ciniki muka yi. Kalandar da ta riga ta fita kuwa ta fita, tana nan a shaguna ba suna.

Yanzu ko ɗan ƙaramin zane ne sai an cika takarda, shafi ɗaya tak: zanen kawai na sayar, haƙƙin bugawa nawa ne, in kana son kalanda ko riga ko talla ga kuɗinsa daban, kwafi nawa, zuwa yaushe, kuma sunana ya zauna inda na sa shi. Ina ɗaukar hoton aikin tun yana fensir har ya kammala in adana. Maganar izini kuma ba na amsa ta da murya ko da mahaifina ne ya turo mutum, sai in ce bari in rubuto maka. Kwanan nan wani ya kalli takardar ya ce "Malam zane nake saye ko fili?" ya ajiye biro ya tafi, ban bi shi ba.