Saƙon godiya: kwana 34 filasha ba ta mutu ba

Alhamdulillahi. Shekaranjiya da la'asar na dawo daga gonarmu ta gado da ke ƙasar Ningi da katin kyamara a aljihu, kuma har yanzu ban gaji da kallon hoton beguwar nan ba. Ta fito daga rami a gindin dutse, ƙayoyinta a miƙe, hasken ya kamo ta daga gefe har ana ganin jar ƙasar da ta manne mata a hanci. Ƙarfe 2:40 na dare aka ɗauke ta, a kwana na 31 da ɗana tarkon kyamarar. Ni ina Bauchi ina barci a lokacin. Wannan hoto ba aikina ni kaɗai ba ne, shi ya sa na zo in yi godiya a bainar jama'a.

Waɗanda suka san ni sun san wahalar da na sha bara. Tarkon kyamara abu ne mai sauƙin faɗa: kyamara a cikin akwati, na'urar da ke jin motsin abu mai ɗumin jiki, sai filasha biyu, wato fitilun da ke haska hoto, a ɗaure jikin itace. Dabba ta gifta, na'urar ta ta da kyamara, filasha ta haska. Amma duk aikin ya rataya ne a kan batir huɗu 'yan ƙanana da ke cikin kowace filasha. Ina amfani da tsohuwar Nikon SB-28, wadda masu wannan sana'a a duniya suke nema don tana iya yin barci ta farka da wutarta a shirye. Duk da haka, da rana iska na kaɗa busasshiyar ciyawa mai zafi, na'urar ta ɗauka dabba ce, a yi ta haskawa a banza har batir ya ƙare. Sau uku ina hawa mota da babur in je in tarar da ɗaruruwan hotuna baƙi ƙirin. A ɗaya daga ciki, idanu biyu kawai suka fito. Ranar nan a kan dutsen na zauna na rasa abin da ke mini daɗi.

Godiyata ta farko ga malamin da ke gyaran rediyo da fanka a kusa da kasuwar Wunti. Na je masa da filasha a leda da kuma batirin babur, ina cewa a haɗa mini. Ya karɓe batirin ya ajiye gefe, ya ce, “Alhaji, wannan bolt 12 ne. Ka ƙirga: batir huɗu, kowanne bolt ɗaya da rabi, shida ke nan. Ka ba ta sha biyu, ta tashi aiki.” Sai ya jawo wata matacciyar fankar caji daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe gindinta, ya nuna mini batirin dalma mai bolt 6, an rubuta 4.5Ah a jikinsa, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa. Abin da na yi ta tunanin sai an yi odarsa daga waje, ashe yana cikin gidajenmu. Batirin caji na cikin filasha bai wuce wajen 2Ah ba, don haka wannan ya ninka shi har da ɗoriya, ga kuma masu 7Ah da 12Ah ga mai iya ɗaukar nauyinsu. Masu 12Ah na saya, guda biyu.

Kwana biyu ya ba ni na lokacinsa. Ya hana ni kwance jikin filashar, ya ce wani abu da ke ciki mai suna kafasito yana riƙe wuta kusan bolt 300 ko an cire batir, kuma ba ya wasa. Maimakon haka ya bi da mita ya gano ƙarafa biyun da ke kai wuta ciki. Ya zaɓi waya mai kauri, don filasha na zuƙar wuta da yawa lokacin da take cika. Ya sa fis a jikin jar wayar, dab da batir. Na ga amfanin fis ɗin nan tun kafin in bar gari: da dare ina gwaji a gida na juya ja da baƙi, fis ya tsinke, filasha ta tsira. Ya kuma ja mini kunne kada in bari ta yi ta haskawa babu hutu, domin batirin dalma yana cika ta da sauri har ta yi zafi, kuma kada in bar batirin ya zube ƙasa warwas, nan ne yake lalacewa. Da na tambayi kuɗin aiki, kuɗin dalma da waya kawai ya karɓa. Malam, Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya raya maka zuri'a.

Sai kafintan layinmu, wanda ya feƙe mini itace daidai tsawo da kaurin batir, muka ɗaura ƙusar tagulla a kai ta zama batirin ƙarya mai ɗauke da waya. Sau huɗu yana gyarawa kafin murfin ya rufu. Na gode, maƙwabci.

Wanda ban san yadda zan biya ba shi ne Baba, tsohon maharbin ƙauyenmu da ya daɗe da rataye bindiga. Shi ya nuna mini ramin, ya tsinci ƙaya guda a bakinsa ya miƙo mini. Shi ya ce in zura wayoyin cikin tiyon ruwa saboda ɓera da kurege, in kuma ɗora robar batir a kan duwatsu saboda gara. A mako na uku wutar daji ta taso daga gabas, iskar hunturu na ingiza ta. Babu sabis a wurin, babu yadda za a kira ni. Baba da jikokinsa biyu suka fita da fartanya da ɗanyen ganye, suka share ciyawar da ke kewaye da dutsen, suka tsaya har wutar ta wuce. Da na je na ga baƙin toka ya tsaya taku biyar daga akwatin kyamara. Kyamarar ma ta ɗauke su: ga Baba a duƙe, hayaƙi a bayansa, filasha ta haska masa furfura. Baba, ka ce mini, “Amanar ɗan ƙanena ce,” ka juya zance. Ni ban manta ba. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ga maman yara, da ta haƙura da wayoyi da warin dalma a falo, ta kuma yi ta tara mini 'yan ƙunshin busar da danshi na cikin kwalin takalma don in zuba a robar batir: na gode, Allah Ya bar mu tare.

Bayan beguwa, katin ya zo da dila sau biyu, da zomaye, da wata kyanwar daji da ta tsaya tana kallon kyamara. Da na kawo baturan, malam ya sa musu mita ya ce da sauran ƙarfinsu. Na kai hotuna biyu wanki, manya: beguwar za ta je shagon malam, na Baba kuma zan kai masa da hannuna ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu.