Ranar Rabon Nama

Yamai, Yuni 2025, daren washegarin Babbar Sallah.

Har yanzu ƙaurin hayaƙi bai bar zanena ba. Jiya wuni guda raguna suka yi a banƙare bisa sanduna, kewaye da wuta, layi-layi a bakin titin Bukoki. Yau ce ranar rabo. Na gaji liƙis, amma barci ya ƙi zuwa.

Da safe muna yanka nama a kan tabarma, sai Baban yara ya ware cinya guda sukutum, ya ce a kai wa shugabansu na wurin aiki. Shugaban nan kuwa raguna uku ya yanka. Na ce, "To Gwaggo fa ta bayan gida, da mijinta ya rasu bara?" Ya ce a haɗa mata haƙarƙari. Ban ja da shi a gaban yara ba, don na san abin da ke cin ransa. Jika 140 ya sayi ragonmu a kasuwar Turaku, duk da gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje tun watan Mayu domin farashi ya sauko, kuma rabin kuɗin rance ne. Shi ya sa yake neman naman ya jawo masa wani abu. Amma ai layya ba jari ba ce. Ko fatarta an hana mai ita ya sayar, ba a kuma biyan mahauci ladansa da namanta. Aya ta 36 a Suratul Hajji cewa ta yi a ci, a ciyar da mai roƙo da wanda ya kame bakinsa.

Kafin azahar Gwaggo ta shigo da kanta yi mana barka da sallah. Ta zauna bakin ƙofa, ta jawo haɓar zanenta, ta daɗe tana kwance ƙulli da yatsu masu rawa, ta ciro dala 20 ta miƙa wa 'yata. Yarinyar ta karɓa da hannu ɗaya. Gwaggo na fita ta ce, "Mama, wannan me zai saya? Kawu jika 5 ya turo min." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Kawun nata yana Abijan, kuɗin ta waya ya turo, da hoton rago da furanni a WhatsApp, irin wanda ake watsa wa kowa. Muryarsa ma ba mu ji ba.

Ban ga laifin yarinya ba. Tun sati uku kafin Sallah ba abin da take gani sai allunan talla na rangwamen Tabaski, wato Babbar Sallah, ba abin da take ji a bakinmu sai kuɗin shadda, kuɗin tela, nawa wance ta kashe. Mu muka koya mata lissafin nan.

Muna yara a Tawa, Inna kan ɗora mana kwano rufe da faifai, ta faɗi gidan da za mu. Ta san tsohon da ba shi da haƙori, shi ake ajiye wa hanta. Ta san gidan da maigida ya tafi ci-rani bai aiko ba, can ake fara kaiwa, kuma ta gargaɗe mu kada mu tsaya jiran tukuici. Sauran gidaje kwano ba ya dawowa wayam: goro biyu, dabino, ko tafin gero. Ba wanda ya taɓa tambayar nawa ne.

Bayan la'asar na ɗauki cinyar da muka ajiye wa kanmu, na rufe da faifai, na ɗora wa 'yata a ka. Muka zauna ɗakin Gwaggo har kiran magariba. A nan ta ji cewa daga cinikin gyaɗar da Gwaggo ke kasawa a ƙofar gida dala 20 ɗin ta fito. A hanya ba ta ce uffan ba.

Baban yara ya lura cinyar ba ta nan. Bai yi magana ba sai bayan isha'i, ya tambaye ni ko Gwaggo na da itace da man da za ta soya naman.