Godiya ga waɗanda suka tsamo mu daga hanyar Oodnadatta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi mun iso Adelaide, a nan Ostireliya, daren jiya, ni da uwargida da yaranmu biyu, kowa da ƙafarsa. Motar ce dai muka baro a Coober Pedy wajen bakanike. Waɗanda suka yi ta kira ba su same mu ba tun ranar Talata, ku yi haƙuri, inda muka shiga ko ɗigon sabis babu.

Laifin nawa ne, gara in faɗa tun kafin a tambaya. Hutun makaranta na watan Yuli ya zo, na ce sai na kai yara sun ga hamadar Ostireliya da idonsu. Na zaɓi hanyar Oodnadatta, wadda ta tashi daga Marree ta ƙare a Marla, sama da kilomita 600 ta birji da tsakuwa. Motata ƙarama ce, ƙafafun gaba kaɗai ke ja, cikinta kuma kusa da ƙasa. Maƙwabcina ya ce in ari fowil ɗinsa, wato mota mai jan ƙafa huɗu, na ce haba, mu da muka koyi tuƙi a hanyoyin ƙauyukan Katsina da damina? Abin da na manta shi ne a gida in mota ta kafe, kafin ka buɗe ƙofa matasa goma sun kewaye ta suna "a tura, a tura", ga mai faci a gindin bishiya. A can kuwa ƙuda ne kawai zai zo maka jaje.

Mun kwana a Marree, muka ziyarci ɗan masallacin ƙasa mai rufin ciyawa da ke tuna wa mutane da Musulmi masu raƙuma, waɗanda ake kira Afgan, da suka yi dakon kaya a yankin tun ƙarni na 19. Da safe muka kama hanyar William Creek, kilomita 200 da 'yan kai, gefe da tsohon layin dogo na Ghan da aka daina bi a 1980. Farkon tafiya lafiya lau. Mun tsaya mun kalli farin gishirin tafkin Eyre, yara sun tsoma ƙafa a ruwan ɗumi na Coward Springs.

Bayan nan gargada ta fara. In ka yi a hankali haƙoranka su yi ta kaɗawa, in ka taka mota ta riƙa yawo kamar a kan sabulu. Wani dutse mai kaifi ya tsaga tayar baya ta gefe, inda faci ba ya kamawa. Na sa safaya, irin siririyar nan da aka yi don kwalta. Ba mu yi nisa ba na hau tudun tsakuwar da manyan motoci ke tarawa a tsakiyar hanya, sai na ji ƙwal a ƙarƙashinmu. Jar fitilar mai ta kama. Na kashe injin na leƙa, ga baƙin mai yana tsiyaya a kan jar ƙasa, yana yin ɗan tafki kamar faifai. Kwanon man injin ya huje. La'asar ta yi, kuma mota ta ƙarshe da muka gani tun azahar ce.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga uwargida take. Ita ta dage sai mun ɗauki jarkoki biyu na ruwa, lita 40, ina ta mita wai nauyi. Ita ta gaya wa maƙwabciyarmu ranar da za mu kira, da abin da za ta yi in ba mu kira ba. Da na ɗaura takalmi na ce zan taka in nemo taimako, sai ta riƙe min hannun riga ta ce, "Abban yara, wallahi ba inda za ka. Mota ake hangowa daga nesa, ba mutum ba." Na zauna. Daren nan mun sha sanyi irin wanda hunturun gida bai kama ƙafarsa ba, mu huɗu a kujerar baya, numfashinmu yana jiƙa gilas. Da a ce bazara ce, da labarin ya sha bamban, domin a garin Oodnadatta aka taɓa auna zafi digiri 50.7 a 1960.

Sai wani dattijo da matarsa, 'yan fansho masu yawo da ɗakin kwana a bayan mota, da suka tsaya da hantsi. Tsohuwar ba ta tambaye mu komai ba sai da ta dafa wa yara shayi ta lulluɓe ƙaramar da bargo. Shi kuma ya kwanta a ƙasa da shekarunsa ya duba cikin motar, ya taso yana kaɗa kai, bai ce min uffan na zargi ba, abin da ya fi zagi ciwo. Daga baya ne ya nuna min tayoyinsa, ya ce ana rage iska a kan tsakuwa, ana tafe da safaya biyu cikakku, kuma a busasshiyar hanya nisan cikin mota daga ƙasa ya fi jan ƙafa huɗu amfani. Ya yi kira a rediyonsa, tasha ta 40 da matafiya ke saurare, ya kuma ba ni wayar tauraron ɗan'adam na kira maƙwabciyarmu. Sun ɓata rabin yininsu a kanmu. Allah Ya saka musu da alheri.

Ina godiya ga matashin makiyayi, ma'aikacin ɗaya daga gonakin shanun yankin, da ya ji kiran ya zo ya ɗaura mana igiya ya ja mu har William Creek a hankali kamar mai jan amarya. Na miƙa masa kuɗi ya yi dariya ya tura hannuna. Haka mutanen masaukin William Creek, garin da mazaunansa ba su cika aji ɗaya na firamare ba, da suka nema mana ɗaki, suka soya wa yara ƙwai da suka ji ba kowane nama muke ci ba. Da direban janwe da ya taso daga Coober Pedy, kilomita 160 da wani abu, ya ɗauki motar. Kuɗinsa kam sai da na zauna kafin in karanta takardar.

'Yan uwa Hausawa na Adelaide da kuka haɗa kuɗin motar haya, da Malam da ya tara yara aka yi mana addu'a, Allah Ya bar zumunci. Maƙwabcina mai fowil, na ji, ba sai ka maimaita ba.

Abu ɗaya ya rage. Bargon tsohuwar nan yana hannunmu, shuɗi mai ratsin fari, a rikicin ɗaura igiya muka rabu ba mu karɓi lambarsu ba. Sun ce daga Tasmaniya suke, za su nufi Darwin. Duk wanda ya ci karo da masu irin wannan kwatance, don Allah ya taɓa ni, an wanke shi an ninke.