Inda na kai a koyon gyaran jagora da bayanin fitowa na Git

Assalamu alaikum 'yan'uwa da muke koyon wannan aiki tare. A 'yan kwanakin nan na ajiye rubuta kod a gefe, na maida hankali kan rubutun da ke yi wa kod rakiya, wato shafukan jagora na Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, da mutum ke buɗewa da `git help`, da kuma bayanin da ke fita tare da kowace sabuwar siga yana faɗin abin da ya canza. Rumbun Git ɗin kansa, wato inda kod ɗinsa da tarihinsa ke ajiye, na mayar makaranta, domin a buɗe yake ga kowa, kuma tarihinsa yana nan cikakke tun daga Afrilun 2005 da Linus Torvalds ya fara shi. Junio Hamano ke riƙe da ragamarsa tun Yulin wannan shekarar, shi ne kuma ke tsara bayanin fitowa, saboda haka wanda ya bi waɗannan fayiloli a jere zai ga salo guda da aka yi kimanin shekara 20 ana gogewa.

Atisayen da na fi ƙaruwa da shi mai sauƙi ne. Sai in zaɓi siga biyu da ke bin juna, in hana kaina buɗe `Documentation/RelNotes`, inda bayanan fitowa na ainihi suke, in karanta tarihin da ke tsakaninsu, in rubuta nawa bayanin fitowar, daga baya in ajiye shi kusa da na ainihi in gwama. Na fara da tazarar 2.27 zuwa 2.28, wadda ta fito a Yulin 2020. Idan ka ba da umarnin `git log --oneline --no-merges v2.27.0..v2.28.0`, ɗaruruwan kwamit, wato canje-canjen da aka adana ɗaya bayan ɗaya kowanne da saƙonsa, ne za su zubo maka, wani gyaran gwaji ne, wani sauya sunan wani abu ne a can ciki, wani kuma gyaran harafi ɗaya. Ba wanda zai iya fitar da bayani mai ma'ana daga wannan tarin. Amma da ka sauya zuwa `git log --first-parent` a kan tazarar nan, sai hoton ya fito fili. Abin da za ka gani galibi haɗe-haɗen rassa ne, kowane reshe aiki guda ne mai kansa, sunansa ya fara da haruffa biyu na sunan wanda ya kawo shi, kuma a cikin saƙon haɗewar akwai 'yar taƙaitacciyar magana da ke faɗin abin da reshen ya zo da shi. Wannan maganar ce, kusan kalma da kalma, ake ɗauka a sa a bayanin fitowa.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi a tsakanin haɗe-haɗen. Lokaci zuwa lokaci za ka ga kwamit ɗin da bai taɓa komai ba sai fayil ɗin bayanin fitowa. Duk sanda aka shigar da rukunin rassa cikin babban reshe, wato `master`, sai a ƙara layukansu a daftarin nan take. Kafin a kai ga sigogin gwaji masu ɗauke da `-rc0` da `-rc1`, bayanin ya riga ya kusa kammala. Ba a barin sa sai daren fitarwa, lokacin da mutum ya manta dalilin rabin abubuwan da ya haɗa. Wannan ɗabi'a ita ce ta farko da na ɗauka na kai ƙaramin aikin da nake taimakawa a kai.

Babban abin da nake so in tsaya a kansa shi ne wannan: canji ɗaya yana bukatar rubutu uku, kuma kowane rubutu da mai karanta shi daban. Mu ɗauki saitin `init.defaultBranch` da ya shigo a 2.28, wanda ya ba mutum damar zaɓar sunan reshen farko idan ya buɗe sabon rumbu. Saƙon kwamit na wanda zai zo gyara kod ɗin nan gaba ne. Shi tambayarsa ita ce me ya sa aka yi haka, wace matsala aka gani, wace hanya aka duba aka bari. Shi ya sa takardar `SubmittingPatches` ta nemi a fara da gajeren layi wanda bai cika wuce haruffa 50 ba, da sunan ɓangaren da aka taɓa a gaba, sannan a bayyana matsalar kafin maganinta, a rubuta kamar ana ba kod ɗin umarni. Bayanin fitowa kuwa na wanda ke da Git a kwamfutarsa ne, yana shirin sabuntawa. Wannan bai damu da wane fayil aka gyara ba. Abin da yake son ji shi ne, daga yau me zan iya yi wanda ban iya jiya ba, kuma akwai abin da na saba da shi da zai canza mini? Shi kuma shafin jagora na wanda bai san ma an taɓa yin wani canji ba ne. Ya zo bayan shekaru, yana son sanin abin da saitin ke yi, wace daraja yake karɓa, me ke faruwa idan ba a sa shi ba. Tarihi ba ya cikin bukatarsa.

Da na gane haka sai gwamawar da nake yi ta ƙara yin amfani. Daftarina yakan karkata ga yadda aka yi aikin, na Hamano kuma yana tsayawa kan abin da mai amfani zai gani da idonsa. Aikin da ya ci kwamit masu yawa sau da yawa jimla ɗaya ko biyu yake samu. Rabe-raben fayil ɗin ma suna taimakawa: ɓangaren abin da ya shafi mai amfani da sababbin zaɓuɓɓuka a sama, ɓangaren sauri da gyaran cikin gida a tsakiya, gyaran kurakurai a ƙasa. Wanda yake sauri zai karanta na sama ya tafi, bai yi asarar komai ba. A ƙarƙashin gyare-gyaren kurakurai kuma za ku riƙa ganin ɗan layi da ke nuna cewa daga baya za a kai gyaran zuwa reshen `maint`, inda ake tara gyare-gyaren sigar da ta riga ta fita, wanda ke sanar da masu riƙe da tsohuwar siga cewa su ma zai iso musu.

Game da jagora, akwai ƙa'idar da na kafa wa kaina kuma ina ba ku shawarar ku gwada ta. Ba na rubuta «yanzu» ko «sabon zaɓi» ko «kwanan nan» a shafin jagora. Waɗannan kalmomi kamar madara suke, ranar da aka zuba su lafiya lau, bayan ɗan lokaci sun lalace, kuma ba wanda zai dawo ya cire su. Idan lallai sai an ambaci lokaci, a sa lambar siga. Bayanin `push.default`, saitin da ke tsara abin da `git push` zai tura, misali ne mai kyau, domin ya faɗa ƙarara cewa `simple` ne saitin asali tun daga Git 2.0. Wannan jimla gaskiya ce a 2014, gaskiya ce yau, kuma tana amfanar wanda ya tarar da tsohuwar na'ura yana mamakin abin da ya sa turawa ke yin wani abu daban.

Batun 2.0 ɗin ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan na ga yadda rubutu ke ɗaukar nauyin canjin da zai iya ɓata wa mutane aiki. A da, idan ka ce `git push` ba ka faɗi reshe ba, Git yakan tura duk rassan da sunansu ya dace da na rumbun da ake turawa zuwa gare shi. Mutum na nufin tura reshe ɗaya sai ya tura har da waɗanda bai gama ba. An kawo yanayin `simple`, mai tura reshen da kake kai kaɗai, a 1.7.11, sannan bayanan fitowa na jerin 1.8 suka yi ta sanar da cewa saitin asali zai canza, manhajar kanta ma ta riƙa buga gargaɗi ga duk wanda bai zaɓi nasa ba. Sai a Mayun 2014, da 2.0 ta fito, aka juya shi. Kuma a bayanin wannan fitowar, maganar abubuwan da suka saɓa wa tsohon hali ita ce a kan gaba, kafin a ambaci ko da sabon abu ɗaya. A nan ne aka faɗi cewa `git add -u` da `git add -A`, idan ba a ba su hanyar fayil ba, za su shafi dukan rumbun ko da kana cikin ƙaramin kundi. A ganina wannan tsari shi ne daidai, kuma ba na jin akwai uzurin binne irin wannan labari a tsakiyar jeri. Irin wannan shirin ne ake yi wa 3.0 a takardar `BreakingChanges`, inda aka jera abubuwan da ake niyyar sauyawa, ciki har da sauyawa zuwa SHA-256 wajen lissafa lambar shaidar abubuwan da aka adana a sababbin rumbuna, tun kafin ranar ta zo.

Wani lokacin kuma babu damar yin sanarwa da wuri. A Afrilun 2022 an fitar da 2.35.2 tare da gyararrun tsofaffin jeri har zuwa 2.30.3, don toshe ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2022-24765. Daga nan Git ya daina yarda ya yi aiki a rumbun da wani mai amfani daban ya mallaka, sai an sa shi a saitin `safe.directory`. Lambar ƙarshe ce kawai ta motsa, wadda mutane suka saba ɗauka a matsayin gyara marar hatsari, amma na'urorin gwaji masu sarrafa kansu da yawa sun tsaya cak. Abin da na koya a nan shi ne lambar siga ba ta isa ta yi wa mutum gargaɗi ba. Dole bayanin ya faɗi abin da zai daina aiki, ya kuma faɗi abin da mutum zai yi. Saƙon kuskuren da Git ke bugawa a wannan hali yana ba da umarnin da za a kwafa a gyara, kuma ni ina lissafa wannan saƙo cikin aikin jagora, domin shi ne rubutun da mutum zai fara cin karo da shi.

Ɓangaren kayan aiki ba zan ja shi ba. Shafukan da tsarin rubutu na AsciiDoc aka rubuta su. A da suna ƙarewa da `.txt`, a 2025 aka mayar da su `.adoc`, don haka kada ku ruɗe idan tsohon darasi ya ambaci sunan da ba ku gani ba. `make man` da `make html` ke gina su, kuma sai an girka asciidoc ko Asciidoctor, da xmlto don shafukan jagora na allon umarni. Abin da na fi so shi ne `Documentation/doc-diff`, wanda ke gina jagorar a kwamit biyu ya nuna bambancin abin da mai karatu zai gani. Tazara ɗaya da ta kauce tana iya jefa sakin layi a ƙarƙashin zaɓin da ba nasa ba, kuma ba za ka hango hakan a ɗanyen fayil ba. Ku kuma kula cewa bayanan saiti suna zaune a `Documentation/config`, ana janyo su zuwa shafi fiye da ɗaya, saboda haka jimlar da ta ce «umarnin da ke sama» za ta iya yin daidai a nan ta zama shirme a can. Akwai ma gwaji mai lamba t0450 da ke tabbatar da cewa taƙaitaccen tsarin umarni da ke saman shafi ya yi daidai da abin da `-h` ke bugawa. Ƙa'idar rubuta shi tana cikin `CodingGuidelines`: abin da mutum zai cike da kansa a sa shi tsakanin `<` da `>`, wanda ba dole ba tsakanin `[` da `]`, zaɓi tsakanin abubuwa a raba da `|`.

A ƙaramin aikin da nake taimakawa, tsarin Keep a Changelog muke bi, mai raba canje-canje zuwa abin da aka ƙara, aka sauya, ake shirin janyewa, aka cire, aka gyara, da na tsaro, da wani sashe a sama na abin da bai fita ba tukuna. Mun yi shawarar ko mu bar wata manhaja ta riƙa haɗa bayanin daga saƙonnin kwamit. Ni na goyi bayan a yi amfani da ita wajen tara jeri don kada a manta da komai, amma mutum ya zauna ya rubuta na ƙarshe, domin manhajar ba ta san wane layi ne zai tsayar wa wani da aiki ba, balle ta ɗaga shi sama. Mun kuma amince cewa duk gyaran kod da ya canza halin umarni sai ya zo da gyaran jagorarsa a tare, ba a karɓar alkawarin «zan rubuta daga baya».

Abin da ke gabana yanzu shi ne tazarar 2.33 zuwa 2.34 ta Nuwamban 2021, inda `ort` ya maye gurbin `recursive` a matsayin dabarar haɗewa ta asali. Ta ba ni sha'awa saboda canji ne babba a ciki wanda yawancin masu amfani ba za su ji shi ba sai ta fuskar sauri, kuma ina so in ga layi nawa ya kamata a ba irinsa, da kuma shafukan jagora nawa aka taɓa saboda shi. Wanda ke da lokaci a cikinku ya rubuta nasa daftarin ba tare da leƙa na ainihi ba, mu gwama namu tukuna kafin mu buɗe fayil ɗin.