Takalmi ɗaya, aiki biyu: daga Yamai zuwa Tawa

A ƙarshen kakar da ta wuce, bayan an gama yankan hatsi kuma sanyin hunturu ya fara sauka da asuba, kawuna ya aiko daga Tawa cewa za a ɗaura auren 'yarsa ta fari, kuma ba ya son jin wani uzuri daga bakina. Tsakanin Yamai da Tawa akwai kimanin kilomita 550, tafiyar yini guda a babbar mota, don haka na ƙudura cewa jaka ɗaya kawai zan riƙa. Riga da wando da hula ba su ba ni wahala ba. Takalmi ne ya tsayar da ni, domin a ƙasarmu ƙafar mutum tana neman abubuwa biyu da ba sa jituwa. Muna cire takalmi a wajen alwala, da ƙofar masallaci, da bakin zaure, da gefen tabarma, da gaban duk wani babba da za a durƙusa a gaishe shi, saboda haka muna son wanda zai fita ba tare da an sunkuya ba. Amma kuma muna hawan kabu-kabu, muna ratsa rairayi da duwatsu, kuma a nan ana son wanda zai riƙe dunduniya gam.

A Babbar Kasuwar Yamai, a layin masu takalma, wani saurayi ya nuna mini abin da ya ce zai raba mini gardama. Ƙasansa na soso ne irin na silifas, yana da hanci mai shiga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, da igiyoyi biyu da suka tashi daga hancin zuwa gefe da gefe. Abin da ya bambanta shi da silifas shi ne maɗauri na uku, wanda aka kafe bakinsa biyu a gefunan takalmin da wasu ƙananan maɓallai na roba masu juyawa. Idan aka tura maɗaurin gaba, sai ya kwanta a bayan ƙafa tare da sauran igiyoyin, mutum ya zura ƙafarsa ya wuce. Idan aka jawo shi baya, sai ya kewaye dunduniya, takalmin ya koma sandal. "Alhaji, in ka sayi wannan ka sayi biyu ke nan," in ji saurayin, ya kuma yanka mini jaka biyar. Muka daidaita a jaka uku da rabi.

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Silifas ɗin roba da ya cika kasuwanninmu ya samo siffarsa ne daga takalmin gargajiya na mutanen Japan, kuma a kan wannan siffar aka fara ƙera Havaianas a Brazil a 1962. A 1984 wani mai yi wa baƙi jagora a kwale-kwale a kogin Colorado na Amurka ya gaji da yadda ruwa ke ƙwace masa silifas, sai ya ɗaura masa igiyar agogo mai mannewa don ya riƙe idon sawu, kuma daga nan takalman Teva suka samo asali. Maɗaurin da ake turawa gaba a mayar baya kuwa, takalman Crocs da suka fito a 2002 ne suka sa duniya ta saba da shi. Na kawo wannan ne domin a lura cewa Teva da Crocs an ƙirƙire su ne don bakin ruwa da jirgin ruwa, ni kuwa ƙasar Adar na nufa, inda dutse da ƙaya suka fi ruwa yawa.

Motarmu ta tashi tun gari bai waye ba, muka ɗauki babbar hanyar gabas. Mun wuce yankin Kure, inda raƙuman dawa suke, cikin duhu, ba mu ga ko ɗaya ba. Da direba ya tsaya don sallar asuba, a nan takalmin ya fara biyan kuɗinsa. Wani ma'aikaci da ke zaune kusa da ni, mai sau-ciki da safa, sai da ya nemi dutse ya zauna ya kwance igiya, ya rasa inda zai aje safar, ya rasa inda zai dafa jiƙaƙƙiyar ƙafarsa, ni kuwa na wanke ƙafa a kan takalmin na miƙa butar ga na bayana. Sai dai roba da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba su da amana, domin santsi ya sa tafin ƙafata zamewa gefe a 'yar gangarar da ke bakin kwalta, kuma sai da na jawo maɗaurin baya kafin na iya takawa da natsuwa.

Doso da Dogon Dutsi sun wuce ba wani labari, ban da sauka da hawa a wuraren binciken takardu. Abin da na lura da shi kawai shi ne, dogon zama yana kumbura ƙafa, kuma bayan hantsi maɗaurin ya fara cin fatar da ke saman dunduniyata, don haka na tura shi gaba na huta. A Birnin Ƙonni, wadda 'yan kilomitoci kaɗan suka raba ta da Illela ta jihar Sakkwato, yara masu talla sun kewaye motar da tarin takalman roba da aka ɗaure bibbiyu da zare, mafi yawansu daga Nijeriya. Wani dattijo ya sayi silifas guda, ya cire tsohon da ke ƙafarsa wanda aka tare hancinsa da ƙusa ta ƙarƙashi, amma bai yar da shi ba, ya sa shi a cikin buhunsa. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, muka bar hanyar Maraɗi muka karya kwana arewa, ƙasa ta fara tashi tana yin tuddai masu baƙin dutse, muka ratsa Badagishiri, muka shiga Tawa da la'asar sakaliya.

Washegari da safe, na sa babbar riga na fito zaure, sai kawu ya dube ni daga hula har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙafata.

"Ɗana, da takalmin wanka za ka tsaya cikin dangin amarya?"

"Kawu, ai ba silifas ba ne, duba ka gani," na ce, na sunkuya na jawo maɗaurin baya.

"Na gani. Takalmin wanka ne da aka yi wa linzami."

Ya sa aka ɗauko mini balka daga ɗakinsa, faffaɗan takalmin fata mai jan ado da kore, irin wanda Abzinawa da Adarawa ke sawa ranar taro. Ban yi musu ba, domin gaskiya ce ya faɗa. Ko maɗauri nawa aka ƙara wa soso, ba zai zama takalmin fita kunya ba, kuma a ƙofar masallacin da aka ɗaura auren, cikin tarin takalman da ke zube, ana iya gane na manya daga na yara ba tare da an ga masu su ba. Balka yana fita daga ƙafa da sauƙi kamar kowane silifas, faɗinsa yana hana mutum nutsewa a rairayi, kuma yana da kwarjini. Abin da ba ya so shi ne ruwa da gudu.

Bayan an kai amarya, ɗan kawu ya ɗauke ni a babur zuwa gonarsu da ke bayan gari don mu duba damin hatsin da ba a riga an kwaso ba. A kan babur maɗaurin ya yi aikinsa sosai, ban ji tsoron takalmi zai faɗi a hanya ba, abin da duk mai hawan kabu-kabu da silifas ya san zullumin sa. A cikin gonar ne labari ya sauya. Ƙarangiya ta bushe ta cika ko'ina, tana maƙalewa a igiyoyin da bakin wando, tsidau kuma yana huda soson har ya taɓa tafin ƙafa, ga tsakuwa mai kaifi da ake jin kowace ɗaya. Rairayi ya shiga cikin maɓallan, suka fara ƙara idan an juya su, kuma a hanyar komawa, ina hawan wani tudu, na ƙafar dama ya ɓalle, maɗaurin ya koma yana reto ta gefe guda.

Lahadi ce ranar babbar kasuwar Tawa, kuma ita ce ranar da mutanen karkara da makiyaya ke shigowa da dabbobi da cuku da tabarmi. Ɗan kawu ya kai ni wurin wani dattijon baduku da ke zaune a ƙarƙashin rumfa, gabansa akwai guntun ƙarfen da yake duka a kai, da basilla, da wuƙa mai lanƙwasa, da tarin fatu masu warin bagaruwa. Ya karɓi takalmin, ya juya maɗaurin gefen da bai lalace ba gaba da baya, ya sake juyawa, ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Wanda ya yi tunanin wanga abu yana da kai," in ji shi. "Wanda ya ƙera shi ne bai so ya daɗe ba."

Ya nuna mini da tsinin basilla cewa duk nauyin da dunduniya ke ja yana sauka ne a kan ɗan wuyan maɓallin, wanda bai kai kaurin tsinken sakace biyu ba, kuma idan rairayi ya shiga sai ya riƙa cin robar a hankali har ta yanke. Ya zaro guntun da ya saura a ramin. Ya yanko 'yan da'irori biyu daga wata busasshiyar fatar shanu, ya huda tsakiyarsu, ya sa ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ya zura wata 'yar ƙusar tagulla da ya ciro daga tsohuwar jaka, sannan ya ɗora a kan ƙarfen ya riƙa dukan kanta a hankali har ya baje. Bai matse ta sosai ba, ya bar ɗan sarari don maɗaurin ya iya juyawa. Ba tare da na roƙe shi ba ya ɓalle sauran maɓallai ukun ya yi musu haka, yana cewa ba zai bari in sake dawowa don abu ɗaya ba. Na tambaye shi ladansa, ya ce dala ɗari.

"Baba, me zai hana ka ƙera irinsa da fata gaba ɗaya?" na tambaye shi.

Ya ce fata ba ta shiri da alwala. Idan ta jiƙa takan saki, maɗaurin ya yi wa dunduniya yawa, idan ta bushe kuma takan ƙandare ta tsage, sai an riƙa bin ta da mai. Fatar jar akuya, irin ta ƙasar Maraɗi da Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, ta ado ce, ba a ɗora mata aikin ja. Ya ce da shi ne zai yi, ƙasan zai yanka daga tsohuwar tayar mota, kamar yadda yake yi wa makiyaya, domin ita ce tsidau ba ya hudawa, igiyoyin kuma ya yi su da saƙaƙƙen ɗamarar jaka wadda ruwa ba ya sa ta miƙewa, ya bar fata a hanci kawai don kada ya yanke tsakanin yatsu. Da na faɗa masa abin da na biya a Yamai, ya yi murmushi ya ce araha ba ta ado.

A ganina dattijon ya fi mai sayarwa fahimtar abin da ke hannunsa. Takalmin ya dace da yadda muke rayuwa, domin babu wanda ke cire takalmi ya mayar sau da yawa a yini kamar mai salla biyar da ke zaune cikin dangi, amma kayan da aka yi shi da su na bakin teku ne, kuma gaɓar da ta fi kowace muhimmanci ita aka fi yi wa rowa. Wanda zai saya, maɓallin ya kamata ya fara dubawa kafin launi, ya ga ko na ƙarfe ne, ya kuma ga ko za a iya cire shi a sa wani, sannan ya danna soson da babban yatsa ya ga ko yana lotsawa da sauri.

Na ce ya yi mini irin wanda ya kwatanta. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya sa na taka, ya zagaye ƙafafuna da biro, ya auna bayan dunduniyata da zare ya ƙulle shi a inda ya tsaya, sannan ya karɓi kafin alƙalami ya ce sai kasuwa biyu masu zuwa. Ni kuwa aiki na jirana, don haka na koma Yamai da wanda aka gyara, kuma ƙusoshin tagullar sun riƙe har gida. Ɗan kawu ya sako mini sabon a mota, na je tasha na karɓa. Ya fi na kanti nauyi nesa ba kusa ba, kuma maɗaurinsa yana da tauri, sai an sa hannu kafin ya juya, ba kamar na roba da ake turawa da yatsan ɗaya ƙafar ba. Na aika wa dattijon da wannan ƙorafi ta bakin ɗan kawu, ya aiko cewa in ɗiga man gyaɗa a kan ƙusoshin, in kuma ba shi wata guda.